Taga Tana Hagu

A Milwaukee, ranar da dusar ƙanƙara ta rufe bakin titi,
na gangara matakala tara zuwa shagon Irma Zielke,
inda takarda ke tsufa da warin ƙasa bayan ruwa.
Mujallar ta girme ni da shekara ashirin.
Gefenta na marmashewa kamar ɓawon burodi,
sai na buɗe ta ina riƙe da numfashi.

Shafi na arba'in da ɗaya:
mace tsaye a kan haƙarƙarin dodo,
mashi a hannu, wata biyu a bayanta,
birni na nutsewa can ƙasa, hasumiya bayan hasumiya.
A kusurwa, ƙanana kamar sawun tururuwa,
haruffa: E. Vondrak.

Irma ta miƙo gilashin ƙara girma, ba ta ce uffan ba.

Sai duhun ya watse.
Ashe ba duhu ba ne, ɗigo ne,
ɗigo kusa da ɗigo, dubu bisa dubu,
sun cunkushe ƙarƙashin haɓarta kamar ranar kasuwa,
suna raguwa, suna raguwa a kan kunci,
har suka bar farar takarda ita kaɗai,
kuma nan hasken yake.
Bai zana haske ba. Ƙyale shi ya yi.

Fiffiken dodon kuwa saƙa ce:
layi ya kwanta, layi ya gitta,
na uku ya zo a karkace ya danne su.
Inda fata ta naɗe sun matse, ba masakar tsinke,
inda ta miƙe sun saki jiki.
Sama, ya shafe ta baƙi ƙirin,
ya bi da tsinin wuƙa yana kankara,
kowane tauraro ɗan rauni ne.

Na ce, wannan kwana nawa zai ci?
Ta ce, huɗu. Dala shida,
in sun ga dama sun biya.

Ta ɗora farce a fuskar matar.
Mamata ce, in ji ta.
Mashin nan sandar goge daɓe ne.
A saman gidanmu yake haya, titin Mitchell,
yakan tsayar da ita kan akwatin kwal
tana yi masa faɗan kuɗin wata uku.
Dubi bakinta da kyau.
Ba dodo take yi wa wannan kallon ba.

Na mayar da gilashin kan hannun.
Gaɓoɓin yatsu a kumbure,
na wadda ta yi wanki da ruwan sanyi tun asuba.
Bai gyara su ba.
Ɗigon da ya zuba musu ya fi na kambin da ke kanta.

Irma ta jawo wasu huɗu daga ƙasan kanta,
ta shimfiɗa su a jere:
kogon maciji, fadar ƙarƙashin teku,
duniyar da ranarta kore ce,
wani sarki mai kan mujiya.
Ta ce, ina hasken ke fitowa?
Hagu. Hagu. Nan ma hagu.
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
Taga ɗaya ce a ɗakin,
kuma tana kallon bayan masana'antar giya.

Na biya dala sha biyu,
ninki biyun abin da ya samu,
na sa ta cikin riga, kusa da ƙirji, saboda danshi.

A bas na zauna gefen hagu.
Wani tsoho na gyangyaɗi a gabana,
fitilun titi na faɗa masa a kunci suna wucewa,
ni kuwa ina ƙirga inda zan fara ɗigo,
da inda zan ɗage hannu,
har na wuce tashata da biyu.